Tsofaffin barikokin 'yan sanda na Legas: a rushe ko a gyara?

Ɗan Obalende:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina so mu ɗan ajiye maganar kasuwa yau mu duba wani abu da ya shafe mu. Tun watan Mayun 2023 rundunar 'yan sanda ta ba da sanarwar cewa akwai barikoki da gine-ginenta 25 a Legas da za a rushe a sake ginawa, saboda an auna ƙarfinsu an ga ba su da lafiya. A cikinsu akwai Ijeh da ke nan Obalende, da Falomo, da barikin Queen na Apapa, da na 'yan sandan babbar hanya a Ikeja. Duk wanda ya taɓa leƙawa ciki ya san ba ƙarya aka yi musu ba, wasu sun lalace ƙwarai. Amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ban ji wani daga cikinmu ya ce uffan ba, alhali aikin ɗan sanda a garin nan da Hausawa aka fara shi. Idan aka share komai aka kafa dogayen benaye, me za mu nuna wa jikokinmu?

Malam Mai Tarihi:
Wa alaikumus salam. Ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. A 1861 sarkin Legas, Oba Dosunmu, ya sa hannu a takardar da ta miƙa Legas ga Ingila, kuma a shekarar aka kafa 'yan gadin ofishin jakada, mutum 30. A 1863 wani hafsan Ingila, John Glover, ya fara tara Hausawa yana ba su bindiga, da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayengijinsu a ƙasar Yarabawa. Su ne aka yi wa laƙabi da Hausawan Glover. A 1879 aka tsara su da sunan Hausa Constabulary, wato rundunar 'yan sandan Hausawa. Sun je yaƙin Asante, a ƙasar Ghana ta yanzu, na 1873 zuwa 1874, sun kuma shiga yaƙin Ijebu a 1892. Sai a 1896 aka ware 'yan sandan Legas na cikin gari, sannan a 1930 aka haɗe na Kudu da na Arewa suka zama rundunar Nijeriya guda, hedikwata a Legas.

Ita kanta Obalende, abin da dattawan unguwa ke faɗa shi ne an taso sojojin Hausawa daga wajen filin sukuwa, inda dandalin Tafawa Balewa yake yanzu, aka zaunar da su a can Obalenden. Shi ya sa har gobe za ka ga bariki na bin bariki a wannan yanki, ga Dodan na soja, ga na 'yan sanda, ga tsohuwar hedikwata ta Kam Salem a titin Moloney ba nisa.

Abban Sadiq, Agege:
Malam, Allah ya ƙara sani. Amma ni fa ban ga abin alfahari a nan ba. Mutanen nan Bature ne ya ɗauke su ya yaƙi 'yan ƙasa da su. Da irin wannan runduna aka zo aka ci Kano da Sakkwato a 1903. Ɗakunan da aka zuba su ciki kuma ba don an daraja su aka gina ba. To mene ne na adanawa?

Malam Mai Tarihi:
Abban Sadiq, ban ce alfahari ba, cewa na yi tarihi. Mutumin da ya tsere daga bauta ya sami wanda zai ba shi albashi da kariya, ba zan zauna a inuwa yau in yanke masa hukunci cikin sauƙi ba. Kuma ko da a ce abin kunya ne, ai ginin shi ne shaida. In ka tsaya ka ga ɗakin kurtu, ka taka kaɗan ka shiga Ikoyi ka ga gidan da aka yi wa hafsan Bature da lambunsa da ɗakunan barorinsa a baya, ba ka bukatar wani ya yi maka lacca a kan mulkin mallaka. Idonka ya gaya maka.

Injiniya:
Salam. Ku ba ni dama in raba abu biyu da ake cuɗawa, don in ba a raba su ba za mu kwana muna musu a banza.

Akwai tsofaffin layuka na ƙasa, irin zanen da ma'aikatar ayyuka ta Turawa ta riƙa maimaitawa a ko'ina, a barikin soja, a kwatas ɗin reluwe, a gidan ma'aikatan kurkuku. Dogon gini ne guda, an yanka shi ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki ƙofarsa na kallon baranda. Ana ɗaga daɓen sama da ƙasa saboda damshi da ambaliya, ku tuna wannan yanki fadama ne, sai da aka haƙa magudanar MacGregor a farkon ƙarni na 20 don a janye ruwa. Rufin kwano ne mai tsayi da gangara sosai, bakinsa ya zarce bango don ruwan sama kada ya doki jikin gini, rana ma kada ta gasa shi. Taga a gaba, taga a baya, suna kallon juna, iskar teku ta shiga ta nan ta fita ta can. Madafa da banɗaki kuwa a ware suke a baya, na kowa da kowa. A zamanin ma ba masai na ruwa ba ne, bokiti ne, masu kwasa su zo da dare.

Sai kuma benaye masu hawa biyu, uku, huɗu, na kankare da rodi, waɗanda aka yi daga ƙarshen zamanin Turawa zuwa shekarun kuɗin mai. Su ma sun gaji tsarin, dogon lungu a buɗe ta gefe ɗaya, ɗakuna a jere, banɗakuna a tattare a ƙarshe ko a tsakiya, da bulo mai huda-huda a wajen matakala don iska.

Abin da mutane ba su lura ba shi ne, na biyun nan sun fi haɗari. Iskar Legas gishiri gare ta. Da zarar damshi ya ratsa kankare ya kai ga rodi, sai ya yi tsatsa, tsatsa kuma kumbura take yi, sai ta fasa simintin daga ciki. Shi ne za ka ga ƙasan rufin kankaren bene yana zubo da ɓaraguzai, rodi a waje ja wur. Kuma inda ya fi saurin ci shi ne ɓangaren banɗaki, inda bututu ke yoyo shekara da shekaru. Ku tuna abin da ya faru a barikin babbar hanya na Ikeja a Disambar 2016, ɓangaren banɗakin ne ya rufta, mutum biyu suka rasu. Allah ya jiƙan musulmi. Shi kuwa layin ƙasa, in bangonsa bai tsage daga tushe ba, matsalarsa katakon rufi ne da gara ta ci, da kwanon da ya ruɓe, da kwatar da ta toshe. Wannan duk abin gyarawa ne.

Ɗan Obalende:
Madalla Injiniya. Ke nan ba dole ne a yi musu kuɗin goro ba.

Injiniya:
Ko kusa. Benen da rodinsa ya mutu, ni da kaina zan ce a sauke shi kafin ya kashe wani. Amma a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuna ta maganar baranda da iska. Ni a bariki aka haife ni, a ciki na yi wayo, daga ciki aka kai ni ɗakin miji. Mahaifina kofur ne, daga baya ya zama saje. Bari in gaya muku yadda ɗakin nan mai iska yake in mutum tara ne a ciki.

Labule ake ratayawa a tsakiya. Iyaye a bayan labule, mu 'yan mata a gaba kan tabarma, samari kuwa in sun fara girma sai baranda, ko damina ko sanyi. Kafin kiran assalatu an fara layin banɗaki, kowa da bokitinsa, don wanda zai fita fareti shi ake fara bari. Yarinya ta balaga, sai ta ratsa gaban ƙofofi goma da zani a ƙirji kafin ta kai inda za ta yi wanka. Wannan ba tsarin da aka yi don mai iyali ba ne. An yi shi ne don namiji ɗaya da akwatinsa da takalminsa, wanda za a busa bigila ya fito a guje. Duk wanda ya zana ɗakin nan bai sa mace a lissafi ba.

Ba na cewa babu daɗi. A barandar nan na koyi girkin Tibi da na Idoma, na ji Yarabanci da Ibo da Barbarci, duk da Turancin buroka muke haɗuwa. In mace ta haihu, layi gaba ɗaya ne ke ɗawainiya. Muna da magajiya, ita ke raba faɗan mata, ita ke tsara sharar Asabar kafin a zo duba tsabta, a shafe duwatsun bakin hanya da farar ƙasa. Da salla maƙwabtanmu Kirista su ci namanmu, da Kirsimeti su aiko mana da shinkafa. Amma don Allah kada wanda bai kwana ciki ba ya ce a bar mutane a haka saboda tarihi.

Malam Mai Tarihi:
Maman Khalifa, maganarki dutse ce. Ba wanda zai ce a ci gaba da cusa iyali a ɗaki ɗaya. Abin da nake nema kaɗan ne, a bar layi ɗaya ko biyu a tsaye, a gyara su, a ba su wani aikin.

Baba Saje mai ritaya:
Salamu alaikum. Yaro ne ke rubuta mini, ni nake faɗa. 'Yata Maman Khalifa, Allah ya yi miki albarka, kin faɗi gaskiya, ubanki abokin aikinmu ne ko ban san shi ba.

Ina so ku gane dalilin da ya sa bariki ya koma yadda kuke ganinsa. Da, ɗaki na lamba ne, ba na mutum ba. An yi maka canjin wurin aiki, ka miƙa makulli. Akwai mai kula da bariki, yana zagayawa, in ya ga ka kafa ko ƙusa ba izini sai ka amsa tambaya. Ana zuwa a yi fenti, a sauya kwanon da ya huje. Daga baya aka yi ta ɗaukar sababbin kurata, ɗakuna ba su ƙaru ba, gyara kuma ya tsaya. To mutum zai zauna ruwa na zuba a kan 'ya'yansa? Sai kowa ya zama maginin kansa. Wannan ya toshe barandarsa da katako ya yi ɗakin samari. Wancan ya ja bulo ya yi kicin. Tagar baya da Injiniya ke yabo, an liƙe ta da kwali saboda sauro da warin kwata. Iskar ta tsaya, zafi ya shigo, sai fanka, sai janareta a bakin ƙofa.

Sannan albashi ba ya kai wata. Matan bariki su suka riƙe gidaje, kuma da barandar nan suka riƙe su. Mai firiza tana sayar da ƙanƙara da ruwan leda, mai injin markaɗe, mai ɗinki, mai suyar ƙosai, yanzu ga masu POS. Filin fareti da muke jeruwa da asuba, a wasu wuraren ya zama wurin ajiye motocin mutanen gari. An yi masallaci, an yi coci fiye da ɗaya, kasuwar mami, wato kasuwar cikin bariki, ta faɗaɗa har ta fi ta unguwa ci. Wasu ma sun karɓi ɗaki sun ba farar hula haya, su suna can wani wuri. Wannan ba daidai ba ne, amma yana faruwa.

Waɗanda nake tausayi su ne matan da mazansu suka mutu a bakin aiki, da tsofaffi irina da ke jiran haƙƙinsu. A takarda ba su da ɗaki. In an zo biyan kuɗin tashi, da sunan mai lamba ake biya. Su ina za su?

Abban Sadiq, Agege:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wannan ne ma ya sa nake ganin a daina bariki gaba ɗaya. Bature ya killace ɗan sanda ne da gangan. Ya ɗauko baƙo ya sa shi tsaron garin da ba nasa ba, ya kewaye shi da shinge don kada ya saba da mutane har ya ji nauyinsu ranar da aka ce ya daka su. Mu kuma muka gaji abin muka riƙe. A ba ɗan sanda kuɗin haya mai kyau ya zauna cikin unguwa, ya yi salla a masallacinmu, 'ya'yansa su yi makaranta da namu. Wanda ya san gobe zai haɗu da kai a wajen mai shayi ba zai zalunce ka yau ba.

Hajiya 'Yar Idi-Araba:
Abban Sadiq, ka san kuɗin haya a Legas kuwa? Shekara guda a dunƙule, wani mai gidan ma biyu zai ce, ga kuɗin dillali, ga na yarjejeniya. Kurtun da ke aiki a Ikoyi ko Victoria Island, ina zai iya kama ɗaki kusa? Sai Ikorodu, ko ya tsallaka Mowe ta jihar Ogun. Ya taso ƙarfe huɗu na dare, ya iso a gajiye, kuɗin mota ya cinye albashin. Kuma bayan abin da ya faru a Oktoban 2020, da aka ƙona ofisoshin 'yan sanda da dama a garin nan, da yawansu ba sa son maƙwabta su san aikinsu. Kaki a jaka suke sa shi sai sun isa ofis.

Ni tsorona ɗaya ne, kuma shi ya kamata mu sa wa ido. Filin Falomo da na Obalende yana cikin ƙasa mafi tsada a Nijeriya. In aka ce ɗan kasuwa ne zai zuba kuɗinsa ya gina, ai ba sadaka ya zo yi ba, zai ɗauki rabonsa na filin. Tambayar ita ce ɗaki nawa za a mayar wa masu ƙananan muƙamai, kuma a nan inda aka tashe su ko a bayan gari? A rubuta, a buga, kowa ya gani tun kafin katafila ta shiga.

Baba Saje mai ritaya:
Hajiya, kin gama magana. Hafsa ba ya rasa wurin kwana. Kurtu da kofur su ne abin ji.

Ɗalibi, Yaba:
Salam iyayena. Ni ɗalibin zanen gine-gine ne, ina so in kawo misalai don kada a ga kamar abin da Malam ke faɗa mafarki ne. A nan titin Broad, tsohon kurkukun Turawa ne aka mayar Freedom Park, aka buɗe a 2010, Theo Lawson ya zana shi. An bar katangar, an nuna girman ɗakunan fursuna yadda suke, yanzu mutane na zuwa kallon wasa da shan iska. A Ebute Metta, cikin harabar reluwe, akwai Jaekel House, ginin 1898, an gyara shi ya zama ƙaramin gidan tarihi. A waje kuma, Hong Kong na da gidajen 'yan sanda masu iyali da aka gina a 1951, da aka daina zama a ciki ba a rushe ba, a 2014 aka buɗe su a matsayin shagunan masu zane da sana'ar hannu, ana kiran wurin PMQ. Ƙananan ɗakuna a jere masu baranda sun dace da shago sosai, matan barikinmu ma ai sun riga kowa gano haka.

Amma mu tuna Ilojo Bar da ke kusa da dandalin Tinubu. Yana cikin gine-ginen da gwamnatin tarayya ta ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa, duk da haka aka wayi gari a Satumbar 2016 an rushe shi. In wanda ke da kariyar doka ya tafi haka, layin kurtu da ba wanda ya rubuta sunansa a ko'ina fa?

Maman Khalifa:
Ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Amma kurkukun titin Broad ba kowa a ciki lokacin da aka gyara shi. Nan kuwa mutane ne da 'ya'yansu, wasu na tsakiyar zangon makaranta. In za a bar layi ɗaya, ni ba na so ya zama wurin da masu kuɗi za su zo shan lemo suna ɗaukar hoto. A mayar da shi asibitin sha-ka-tafi na matan bariki, ko ajin yara, ko shagunan da za a ba matan mamatan da Baba ya ambata. Ɗaki ɗaya a ciki a bar shi yadda yake, da labulen da tabarmar da akwatin, a rubuta mutum nawa suka kwana a ciki.

Malam Mai Tarihi:
Wannan ya fi abin da na zo da shi. A bangon ɗakin kuma a sa tarihin tun daga 1863, da sunayen garuruwan da mutanen suka fito.

Abban Sadiq, Agege:
In dai za a rubuta har da Ijebu da Asante da abin da aka sa su yi, ba yabo kaɗai ba, to ba ni da ja. Amma ina nan kan bakana game da sababbin gine-ginen. In an sake kewaye su da doguwar katanga da ƙofa ɗaya, an maimaita abin Bature ne da sabon fenti.

Injiniya:
Katanga ba ita ce babbar damuwata ba, Abban Sadiq. A duba zanen sababbin. In aka yi akwatin kankare mai ƙananan tagogi ta gefe ɗaya, wanda ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki, an cuci kurtu, don ba shi da kuɗin wuta balle na mai. A ɗauki abin da tsofaffin suka iya, wato tsayin rufi, tagogi masu kallon juna, inuwar baranda, daɓe a sama da ruwa. A gyara abin da suka ɓata, kowane gida da banɗakinsa da madafarsa da aƙalla ɗaki biyu da falo. A fitar da bututun ruwa waje inda za a ga yoyo a gyara, kada a binne shi cikin bango. A ware wa mata wurin sana'a tun a zane, don ko an hana za su yi. Kuma a ajiye kuɗin gyara na kowace shekara a rubuce, in ba haka ba nan da shekara 30 'ya'yanmu za su sake wannan muhawarar. A 2013 ma sai da gidan talabijin na Channels ya nuna halin da kwalejin 'yan sanda ta Ikeja ke ciki, shugaba Jonathan ya je da kansa ya gani, sannan aka motsa.

Ɗan Obalende:
To jama'a, kada maganar ta mutu a waya. Ɗalibi, kai da abokan karatunka za ku iya auna layukan da suka rage ku zana su? Ni zan nemi dattawan unguwa da suka yi aikin, mu naɗi muryarsu. Hajiya, ke kina da hanyar isa ga masu unguwanni da sarakunan Hausawa, ko za a samu su sa baki a rubuta takarda?

Hajiya 'Yar Idi-Araba:
Zan yi magana da su in sha Allahu. Amma takardar ta fara da maganar matan mamata da adadin ɗakunan ƙananan ma'aikata, sannan tarihi ya biyo baya. In aka juya, ba wanda zai sa hannu.

Baba Saje mai ritaya:
Ɗalibi, ɗana, kada ku shiga bariki da kyamara da igiyar awo haka kawai, za a tsare ku. Ku karɓo takarda daga makarantarku, a kai wa mai kula da barikin, a jira amsa. In an ba ku izini ku fara gaida magajiya kafin ku ɗauki hoton ƙofar kowa. Ranar da za ku je ku gaya mini, zan sa yaro ya kawo ni in nuna muku inda ainihin bangon ya tsaya da inda aka ƙara daga baya, don da ido kaɗai ba za ku rabe ba.